Zarton surukina

Mutumina, ƙara mini shayin nan tukuna, sannan in ba ku labarin da na fi shekara ina ɓoyewa. Amma fa kada ya wuce tabarmar nan, don har yau surukina bai san abin da ya sami zartonsa ba.

Kun dai san mangwaron nan mai aure na tsakar gidanmu. Wani reshe ne ya kwanto kan kwano, in iska ta taso da dare sai ka rantse ɓarawo ne ya hauro. Na ɗauko zarton kafinta na hau. Ko kaurin yatsa ban ci ba ya cije. Haƙoransa ƙanana ne, don busasshen katako aka yi su, shi kuwa ɗanyen ice garinsa a jiƙe yake fita, sai ya cushe tsakanin haƙoran kamar kwaɓaɓɓen tuwo. Sai na aiki yaro gidan Baba, surukin nawa, ya aro mini nasa, ɗan Japan, siriri, wanda aka kawo masa tsaraba yake ji da shi kamar ƙwai.

Na dafa reshe, na danna da ƙarfi irin na kafintoci. A turawa ta huɗu sai ji na yi ƙas! Tsinin ya tafi, ya bar ni da guntu a hannu. Malam, daina dariya, wallahi gumin da na yi a ranar ba na rana ba ne. Ashe zarton Japan a jawowa yake ci. Ja yana miƙar da ƙarfen, shi ya sa suke iya yinsa siriri haka, ya ratsa ice ba gajiya. In ka tura da ƙarfi kuwa sai ya lanƙwashe, in ice ya matse shi ya karye. Tura a hankali, jawo da nauyi, shi ke nan sirrin.

Neman madadi ne ya mai da ni ɗan gari a harkar. Ku fara duba haƙora kafin komai: na ɗanyen ice manya ne, kamar shida ko bakwai a inci guda, da fili a tsakaninsu don gari ya fita. Sai tsawo. Ruwan zarton ya kai ninki biyu na kaurin icen da za ka yanka, in ba haka ba sai ka yi ta ɗan guntun ja har kafaɗa ta gaji. Masu hawa bishiya sun fi son irin Silky Zubat, mai santimita 33, lanƙwasasshe, da kubensa a ƙugu. Lanƙwasar nan ce ke sa ya kama reshen da ke sama da kanka ba tare da ka danna ba.

Kai kuma Alhaji, mai kwanan daji, ba shi kake bukata ba. Naka mai naɗewa ne kamar aska, irin Bahco Laplander na mutanen Suwidin. Ruwansa bai cika santimita 20 ba, yana ci gaba da baya, kuma yana jure hannun ɗan koyo. Ka jefa shi a jaka, ya yanka maka turakun tanti da icen dafa shayi. Ka dai gwada makullinsa a gaban mai shago, kada ya rufe maka a yatsa. In kututture ne babba, zarto mai siffar baka ya fi, ruwansa da arha, sai dai ba ya shiga tsakanin rassa masu cunkoso.

Wani abu kuma: in ka ga bakin haƙoran ya yi duhu, an ƙone su ne don su yi tauri. Suna daɗewa ba su dakushe ba, amma magagari ba ya cin su, in sun mutu sai sabon ruwa. Ka riƙa goge danƙon mangwaro da ɗan kananzir, ka shafa mai saboda tsatsa.

Reshen kuwa, yanka uku na yi masa daga baya: ɗan tsagi ta ƙasa, sai na sama can gaba kaɗan ya faɗi, sannan na cire guntun a bakin kumburin gindinsa. Da ta sama kawai na bi, da ya saɓule ɓawon har jikin bishiyar, gara ta sami ƙofa. Manoman Maraɗi masu sassaben zamani ma daga ƙasa suke ɗaga sararsu zuwa sama, don dalilin nan.

Abin da ya cece ni, ruwan zarton Baba da sukurori aka ɗaure shi. Na sa aka nemo mini sabo, na ɗaura a tsohuwar ƙotar, na mayar ban ce uffan ba. Shekaranjiya yake ce mini, "Ka ga zarton nan nawa? Kullum kamar ƙara kaifi yake." Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya ja kwana, Baba, ai kayan Japan ne."

Kai, wa ya shanye na ukun?