Shekarar da Gaisuwa ta Yanke a Zangon Ayigya

A Zangon Ayigya, unguwar da ke fuskantar babbar jami'ar Kumasi, akwai wani kafinta, dattijo a cikin ikilisiya. Daga arewacin Gana ya zo tun yana saurayi, ya koyi Hausa a bakin mutanen Zango, har ta zama harshen da yake addu'a da shi. Shagonsa yana jingine da na wani tela Musulmi, haifaffen unguwar Nima ta Ankara, babban birnin ƙasar. Shekara da shekaru suna zaman inuwa ɗaya, suna shan koko da ƙosai tare kowace safiya. Addini bai taɓa shiga tsakaninsu ba. Abin da ya shiga tsakaninsu ƙwallo ne.

Kafinta mutumin Asante Kotoko ne, ƙungiyar Kumasi mai jar riga da alamar beguwa, wadda aka kafa a 1935, ta kuma ci kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983. Tela kuwa ya tashi da ƙaunar Hearts of Oak ta Ankara, wadda ta girmi Kotoko, gama tun 1911 take. A waɗannan shekaru duniya ta juya wa Kotoko baya. Rabonta da kofin gasar ƙasa tun 1993, Hearts kuwa ta ɗauke shi sau huɗu a jere, daga 1997 zuwa 2000.

A watan Disamba na 2000 Hearts ta doke Esperance ta Tunisiya, ta zama zakarar Afirka. Washegari tela ya rataye tutar ƙungiyarsa a ƙofar shago, ya leƙo yana dariya, ya ce, "Maƙwabci, ina kwana? Na ji an ce ƙayar beguwarku ta zube." Wasa ne irin wanda suka saba, amma ran nan a gaban mutane aka yi shi, aka kuma yi dariya. Kafinta ya mayar da magana mai zafi, ya haɗa da mutanen Ankara duka. Daga ranar ya daina gaisuwa.

Wata biyar suka yi haka. Kowace Lahadi kafinta yakan karɓi baiko, ya bi da addu'a, ya ci Jibin Ubangiji. Wata rana fasto ya yi wa'azi daga Matiyu sura 5, a kan mutumin da ya kamata ya shirya da ɗan'uwansa kafin ya miƙa baikonsa. Kafinta ya gyaɗa kai, yana tunanin waɗansu mutane dabam da maganar ta dace da su. A ganinsa ƙwallo ba ta kai a kira ta zunubi ba.

Aka shiga kakar wasa ta 2001. Ran Laraba, 9 ga Mayu, Kotoko za ta kara da Hearts a babban filin wasa na Ankara. Ɗan kafinta na fari, saurayi mai shekara 19, ya roƙi kuɗin mota domin ya bi abokansa. Uban ya ba shi da murna, ya ɗaga murya yadda za a ji a shagon gefe, ya ce, "Ku je ku kunyata su a gidansu."

Da yamma Zango duka yana bakin rediyo. Lawrence Adjei ya fara ci wa Kotoko, unguwa ta ruɗe da sowa. Kusa da tashi Ishmael Addo ya zura biyu, wasa ya koma 2 da 1. Waɗansu magoya bayan Kotoko, da suke ganin alƙalin wasa ya zalunce su, suka shiga ɓalle kujeru suna jifa da su cikin fili. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo. Dubban mutane suka ruga zuwa matakala suna neman iska, suka tarar hanyar fita a rufe. Na baya suna turowa, na gaba ba wurin zuwa. Mutum 126 suka rasu a daren nan. Kafin wannan dare, ba a taɓa yin asarar rayuka irin wannan a filin ƙwallo a Afirka ba.

A lokacin wayar hannu ba ta yawaita ba. Kafinta da matarsa suka zauna gaban rediyo, adadin matattu yana ta hawa. Ya durƙusa zai yi addu'a, bakinsa ya kasa. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tela ne tsaye da fitila a hannu. Ya ce, "Maƙwabci, tashi, na samo mota. Kai ba ka san Ankara ba, ni kuwa a can aka binne cibiyata."

Suka yi tafiyar kilomita kusan 250 cikin dare, ba mai magana. Da asuba suka isa Asibitin Sojoji na 37, inda aka kai gawawwaki da yawa. Jama'a sun cika harabar, mata suna kuka, maza suna bin layi su duba fuskoki. Ƙafafun kafinta suka ƙi ɗaukarsa. Tela ne ya shiga a madadinsa. Ya daɗe a ciki, sa'an nan ya fito ya ce, "Ɗanka ba ya nan. Mu duba cikin masu rai."

Suka bi ɗakunan majinyata ɗaya bayan ɗaya. Sai da rana ta take suka sami yaron kwance, haƙarƙarinsa a karye, amma yana numfashi. Ya ce wani ne ya jawo shi daga ƙarƙashin mutane, bai ga fuskarsa ba, bai kuma ga launin rigarsa ba. Kafinta ya fashe da kuka yana yabon Ubangiji. Da ya juya domin ya rungumi tela, ya gan shi jingine da bango, hawaye na zuba.

"Malam, lafiya?"

"Ɗan ƙanena yana cikin waɗanda na duba da safe," in ji tela. "Na gan shi. Na ce bari mu gama da mai rai tukuna."

Yaron nan ɗan Nima ne, amma Kotoko yake so, kamar samarin Zango da yawa. Da jar riga ya mutu, rigar ƙungiyar kafinta. Kafinta ya bi tela zuwa gidan makoki. Sa'ad da aka yi sallar jana'iza ya tsaya a bayan sahu, a maƙabarta kuma ya karɓi shebur ya zuba ƙasa. A nan ne ya kama hannun maƙwabcinsa ya ce, "Malam, na yi maka laifi, ka gafarta mini." Tela ya ce, "Ni ma bakina ya yi tsawo. Ya wuce."

Shugaban ƙasa John Kufuor, wanda shi kansa ya taɓa shugabantar Kotoko, ya sa aka yi makokin kwana uku. Aka dakatar da gasar na wata ɗaya. Kwamitin bincike na Sam Okudzeto ya ɗora babban laifi a kan yadda 'yan sanda suka yi, aka gurfanar da shida daga cikin manyansu, daga baya kotu ta sallame su. Da aka koma wasa, Hearts ta sake cin kofin 2001, na biyar a jere. Tela bai rataye tuta ba. A 2003, da kofi ya dawo Kumasi, kafinta ma bai yi wa kowa ba'a ba. Ba su daina son ƙwallo ba, sai dai tun daga nan rediyo ɗaya suke saurara.

A bakin filin wasan Ankara an kafa mutum-mutumin wani mai kallo yana ɗauke da ɗan'uwansa. Rubutun da ke jikinsa amsa ce ga tambayar da Kayinu ya yi wa Allah a Farawa sura 4, bayan ya kashe Habila. Kafinta yakan ce shi ya karanta labarin nan, da na Basamariye a Luka sura 10, ya fi sau ɗari, kullum yana ɗaukar kansa mai taimako. Bai taɓa zaton shi ne zai zama na kwance a bakin hanya ba, balle ya san wanda Allah zai aiko.

Mai karatu, wataƙila kai ba ƙwallo ce ta raba ka da maƙwabcinka ba. Mai yiwuwa siyasa ce, ko iyakar gona, ko faɗan yara, ko wata magana da kake gani ba ta kai a kira ta zunubi ba. Kafinta ya sami zarafin neman gafara, amma a bakin kabari ya same shi. Kai kuwa maƙwabcinka yana nan, ƙofarsa kusa da taka. Gobe da safe ka riga shi gaisuwa.