Kantin Da Ba Mai Kanti

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi. A hutun bara Allah ya nufe ni da zuwa Koriya ta Kudu, inda na baƙunci waɗansu ɗalibai na Jami'ar Hankuk ta Nazarin Ƙasashen Waje. I, 'yan'uwa, can ma ana koyon Hausa, tare da Swahili da Zulu. Amma ba labarin aji zan ba ku ba, labarin yunwa ne.

Ran nan da dare na fita kallon birnin Seoul ni kaɗai, na yi ta yawo a unguwar Jongno har sha ɗaya ta gota. Ga sanyi kamar ya tsaga ƙashi, ga yunwa, wayata kuma caji ya ƙare. Can sai na hangi wani ɗan kanti da fitila tarwai. Na tura ƙofa na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Sai a ta uku na gane ashe kantin ba kowa, kuma haka aka shirya shi, dare da rana.

Bango guda cike yake da ƙunshin taliya irin wadda mu muke kira indomi, su kuwa ramiyon, launi-launi har ido ya gaji. Wani mutumin Japan, Momofuku Ando, shi ya ƙago wannan taliya a 1958, kamfanin Samyang kuma ya fara yin ta a Koriya a 1963. Tsarin kantin ba wuya, don an zana shi a bango. Ka zaɓi wadda kake so, ka biya da kati a jikin na'ura, ka juye a kwanon takarda, ka ɗora kan wata na'urar. Ita za ta zuba ruwan zafi daidai gwargwado, ta dafa cikin kamar minti huɗu. Ga albasa da tsiron wake a gefe, kowa ya ɗiba da kansa.

To, a nan gizo ke saƙar. Da yawa daga cikin irin wannan taliya akwai naman alade a garin miyarsu, na saniya da na kaza kuma ban san yankan wa ba ne. An rubuta kome a bayan ƙunshi, amma da baƙaƙen Hangul, waɗanda Sarki Sejong ya ƙago a 1443. Ni da nake taƙama da boko da ajami, sai ga ni tsaye jahili tuburan. Abinci ya kewaye ni, kuɗi na aljihu, ba wanda zan tambaya. Shaiɗan ya ce, "Kai matafiyi ne, wa ya gan ka?" Na dubi kyamarar da ke saman ƙofa, na tuna da Wanda ganinsa ya fi nata. Na yi niyyar kwana da yunwata.

Ina shirin fita sai ga wani dattijo ya shigo, da alama direban tasi ne. Na rusuna kamar yadda na ga suna yi. Ba ya jin Turanci, ni ba na jin nasu. Na ɗauki 'yar takarda cikin waɗanda baƙi ke rubutu suna mannawa a bango, na zana alade da saniya da kaza, na soke su duka. Ya dubi aladena, wanda ya fi kama da akuya, ya yi dariya har da tari. Sa'an nan ya sa tabarau, ya shiga ɗauko ƙunshi yana karantawa yana mayarwa. Sai da ya duba wajen goma kana ya miƙo mini wata mai hoton ganye, ya gyaɗa kai. Muka zauna muka ci tare, ba mai ce wa wani uffan. Na ce, "Na gode, Baba." Bai ji kalmar ba, amma ya gane.

A hanyar masauki na yi ta tunanin mai shayinmu na bakin ƙofar makaranta. Ba shi da na'ura, teburinsa ma ƙafa ɗaya da dutse aka tokare ta. Amma ya san wanda ba ya son yaji, ya san ranar da aljihu ya bushe, sai ya ce, "Ɗan makaranta, ci, ka kawo in an aiko." Ban raina hikimar mutanen Koriya ba, da tsabtarsu, da yadda ake barin dukiya ba mai tsaro. Sai dai da dattijon nan bai shigo ba, da duk na'urorin ba su ƙosar da ni ba.

Kafin in fita na juya takardar aladen, na rubuta "Allah ya saka wa Baba direba da alheri," na manna a bango. In waninku ya je Jongno ya gan ta, ya ce amin.