Zagayen Sakkwato a Bayan Kabu-kabu

Mu yaran Bakura da Mafara da Maradun ƙarar babur iri biyu muka sani. Akwai ta kabu-kabu, mai kai mu makaranta ko mai ɗauko buhun shinkafa daga fadama. Akwai kuma ta babura masu yawa a jere, wadda idan aka jiyo ta daga nesa uwa kan ajiye muciya ta shiga ƙirga 'ya'yanta. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana bambancin. Muna sane aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairun 2021, aka kuma kwashe na Kaya da ke ƙasar Maradun a watan Satumba na shekarar. A watan nan aka rufe layukan waya da kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura. Tun daga lokacin, yawon buɗe ido na makaranta ya koma labarin da yayyenmu ke ba mu.

Saboda haka da malaminmu na tarihi ya kawo shawarar a kai mu Sakkwato a ƙarshen zango, sai da aka yi mako biyu ana kai-komo tsakanin iyaye. Daga ƙarshe 12 daga cikinmu suka sami izini, bisa sharuɗɗa: ba za a tashi ba sai rana ta ɗaga, ba tsayawa a hanya, kuma a can za a kwana don kada dare ya same mu a titi. Muka fita ta Lambar Bakura, muka bi ta Tureta da Dange da Shuni. Tafiyar ba ta wuce awa 2 ba, amma fiye da rabinmu ba su taɓa yin ta ba, alhali kafin 1 ga Oktoban 1996 Sakkwato ce babban birnin jiharmu.

Shirin zagaya gari a kan babur ba na malaminmu ba ne. Na abokinsa ne, wani dattijo haifaffen birnin da ya yi ritaya daga koyarwa, wanda muka riƙa kira Baba. Ya ce motar makaranta manyan tituna kawai za ta nuna mana, tsohon gari kuwa yana cikin lunguna. Tafiyar ƙasa kuma, a ranar Sakkwato, kafin azahar za mu gaji mu daina saurare. Malaminmu ya ƙara da cewa a birnin Rum na Italiya baƙi kuɗi suke biya a goya su a kan Vespa a zagaya da su tsofaffin gine-gine. Muka yi dariya, don mu Vespa a hotunan kakanninmu muka san ta. A Kano dai wannan shiri ba zai yiwu ba, domin tun Janairun 2013 aka hana acaba a can. Sakkwato kuwa har yanzu kabu-kabu ne ƙafar talaka.

Baba ya ɗauko 'yan kabu-kabu 8 na shiyarsu, waɗanda ya san iyayensu. Kowane babur ɗalibi ɗaya, ba goyon biyu. Mata 4 da malamarsu suka shiga Keke Napep biyu. Shi ya wuce gaba a kan tsohon babur ɗinsa, ya kafa doka: ba mai wuce shi, ba mai ɗaga waya ana cikin tafiya, inda ya ɗaga hannu kowa ya tsaya ya kashe inji.

Mintunan farko sun yi mana nauyi. Da injunan suka tashi gaba ɗaya muka jeru, ƙarar nan ce dai da muka sani, sai dai yau mu ne a kai. Muka riƙa kallon fuskokin mutane muna jiran a watse. Mai shayi bai ko ɗago kai ba. Wasu yara suka biyo mu da gudu suna tambaya ko ɗaurin aure ne. Wani daga cikinmu ya faɗa daga baya cewa sai a lokacin ya lura ya riƙe rigar ɗan kabu-kabunsa har ta yamutse.

Mun fara da ƙofofin gari. A littafi an ce Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809 ya kewaye ta da ganuwa, don haka ganuwa muke ta dube-dube. Babu ita, gidaje da shaguna sun cinye wurin. Sunaye suka rage: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya da sauransu. A nan babur ya nuna amfaninsa. Da muka bi daga wannan ƙofa zuwa waccan a jere, sai girman tsohon birnin ya fito mana a jiki, muka ga ashe ɗan madaidaici ne. Daga wannan ɗan fili ake aika wasiƙu zuwa Kano da Bauchi da Adamawa da Ilorin, a kan doki, a kuma jira amsa.

Inda muka fi daɗewa shi ne Hubbaren Shehu. Tun daga nesa Baba ya sa aka kashe babura aka tura su da hannu. Nan ne gidan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan ya taso daga Sifawa a 1815, nan kuma aka rufe shi a 1817. Wato shekara biyu kacal ya yi a birnin da ake kira da sunansa. Muka cire takalma, muka yi addu'a. Mun zaci za mu tarar da gini mai ƙawa irin na fadoji. Abin da ya fi jan ido shi ne jama'a: tsofaffi, almajirai, da mata ƙungiya-ƙungiya, wasu da ganin ƙunshin kayansu ka san daga nesa suka taso.

Malamar da ta raka mu ce ta karɓi bayani a nan. Ta ce Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ma a nan take kwance. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru: daga ƙauyuka ake taso da ayarin mata a ƙarƙashin wata dattijuwa da ake kira jaji, wadda Nana kan naɗa da malfa da jan rawani. Su zo su koyi karatu, su haddace waƙoƙin wa'azi, su koma su koyar da matan da ba su iya fitowa ba. Ɗaya daga cikin 'yan matanmu ta tambaya, “Malama, su ba su jin tsoron hanya?” Malama ta ce ai zamanin yaƙi ne, hanya ba ta da tabbas, shi ya sa ba a tafiya sai a ayari, kuma sai da jaji. Shiru ya ɗan ratsa, don kowa ya tuna ƙawayenmu da aka hana zuwa, da waɗanda aka cire daga makarantar kwana ba su koma ba.

Fadar Sarkin Musulmi daga waje muka gan ta, muka gaisa da dogarai muka wuce, haka ma Masallacin Shehu da na Bello. Daga nan muka kutsa lungunan da ko Keke sai da dabara, har Maƙerar Assada, inda tun kafin ka iso kake jin guduma a kan uwar maƙera. Muka leƙa majema kuma, warin ya sa wasu toshe hanci da hula. Baba ya ce mu sauke hular, wannan warin arziki ne. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake ke ketare Sahara da ita, Turawa su saye ta a hannun mutanen Maroko, su riƙa kiranta fatar Maroko. A ganinmu wannan na cikin tsofaffin cutar da aka yi wa mai sana'a a ƙasar nan: aiki naka, suna na dillali.

A gidan adana tarihi na Waziri Junaidu mun ga tsofaffin takardu da rubutun hannu da kayan yaƙi. A nan muka ji labarin Baturen nan Kilafatan, wanda ya zo wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824, ya dawo a 1826, ajali ya same shi a nan a 1827. Cikin tsarabar da ya kawo wa Bello har da littafin lissafi na Uklidis da Larabci, kuma Bello ya riga ya san littafin. Masu gudun ajin lissafi a cikinmu ba su ji daɗin wannan labari ba.

Wani abin da tafiya a bayan kabu-kabu ke da shi, wanda mota ba ta da shi, shi ne kowa da nasa mai ba da labari. Suna tuƙi suna magana ta gefen kafaɗa. Su suka nuna mana inda ake samun fura mai kyau, da gidan da ba a wucewa ta gabansa da gudu don girman mai shi. Wani lokaci kuma sukan ƙara gishiri. Ɗaya ya rantse cewa akwai ramin da ya taso daga birni ya ɓulle Wurno. Da aka kai wa Baba, bai ƙaryata shi ba, tambaya kawai ya yi: “Ɗana, wa ya gaya maka? Shi kuma wa ya gaya mashi?” Aka bi salsala ta tsaya a kan wani mai faci. Abin da ke Wurno tabbas, in ji Baba, kabarin Bello ne, wanda ya rasu a can a 1837.

Da la'asar muka isa Giginya. A wannan wuri ne ranar 15 ga Maris 1903 rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ta tari sojojin Ingila, dawaki da takubba suna fuskantar bindiga mai ruwa. Ba a daɗe ba aka gama. Attahiru ya nufi gabas da jama'a masu ɗimbin yawa, aka cim masa a Burmi a watan Yuli, ya yi shahada a can. Jin sunan Burmi ya sa muka zabura, tunda sarautar garinmu Sarkin Burmi ce. Malam ya ce mu kwantar da hankali, waccan Burmin tana jihar Gombe ta yanzu. Yau Giginya sunan filin wasa ne da otal da barikin soja, kuma cikin 'yan kabu-kabun namu akwai wanda ya ce shi ƙwallo kawai ya sani da sunan.

Zangon ƙarshe bakin gulbi ne, wajen gari. Baba ya tambaye mu ko mun gane ruwan. Gulbin Sakkwato da ke tasowa daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, aka tare shi a Bakolori, ya bi ta ƙasarmu, shi ne ke haɗuwa da Rima kusa da birnin. Sannan ya gyara zama a kan babur ɗinsa ya ce, “To 'ya'yana, yau na zagaya da ku garinmu. In na zo naku, ina za ku kai ni?”

Muka fara lissafi: fadar Sarkin Burmi, madatsar Bakolori, kasuwar Talata ta Mafara. Ya ce duk ya ji, amma shi Faru yake son gani. Ya ce tun kafin hijirar 1804, Shehu ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma ya zauna a Faru. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami da Babbar Salla ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Faru da Magami kuwa sunaye ne da muke ji kullum a bakin mutanen Maradun, maƙwabtanmu. A darasi mun haddace Degel da Gudu da Alkalawa kamar sunayen wata ƙasa mai nisa, ga shi wani babin labarin a bayan gidanmu ya faru.

Abin da ya ɗaure mana harshe shi ne mun san amsar da za mu ba shi. Da babur, zuwa can ba wata tafiya ba ce. Amma a yau ba uban da zai bar ɗansa ya bi wannan hanya don kallo, kuma ayarin babura 9 da ya nufi ƙauye zai sa mutane su gudu daji kafin a yi sallama. Malam ne ya faɗa masa haka a madadinmu. Baba ya ce ya sani, shi ma yana da 'yan uwa a wajen Isa.

Da muka dawo gida mun sayi littafin rubutu mai shafi 80, muka raba shi gida uku: Bakura, Mafara, Maradun. Wanda duk ke da kaka ko wani tsoho a unguwa yana zuwa ya zauna da shi, ya rubuto abin da ya ji game da tsofaffin ƙofofi, rijiyoyi, masallatai da kufai, tare da sunan wanda ya faɗa da wanda shi ma ya ji a wurinsa. Ba mu sha wahalar samun masu ba da labarin ƙauyuka ba, domin da yawansu yanzu suna cikin gari, a gidajen 'yan uwa, tun da aka tashe su. Wata tsohuwa daga ƙasar Maradun ta riƙe biyu daga cikinmu tun daga la'asar har magariba tana kwatanta musu hanyar garinsu, kwana-kwana, da itacen da ake hutawa a ƙarƙashinsa. An zana taswirar a shafi na 31, an kuma aika wa Baba hotonta ta wayar Malam.