Sabo Cikin Minti Uku

'Yan uwa, hukuncin kiɗa da waƙa malamai sun daɗe da yin bayaninsa, ba shi ya kawo ni yau ba. Magana ce a kan hoto, da yadda yake faɗin abin da baki bai faɗa ba.

Ɗan ƙanena yana karatun aikin jarida a wata babbar makaranta nan Ibadan. Malaminsu ya kasa su rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya shirya bidiyon waƙar zamani, sannan ya rubuta sharhi a kai: me aka nuna, kuma don me. Su biyar ne, shi kaɗai ne Bahaushe, suka zaɓi Sabo. Da ya kawo mini a waya na kalla sau huɗu. A na huɗun na kashe sautin, na ɗauki biro ina ƙirge, yadda nake yi wa kaya a shago.

Gaskiya yaran sun iya. Duk inda ganga ta buga, nan hoto yake sauyawa, ba ya gaba ba ya baya. Akwai wurin da suka kama ranar la'asar a kan gadar Mokola, wallahi sai da na ce ashe haka garin nan yake da kyau. Kuma duk da waya suka yi.

To amma ga abin da biro ya nuna mini. Mawaƙin, kullum daga ƙasa ake ɗauko shi, sai ka gan shi dogo, sama na bayansa. Mu kuwa daga saman bene aka leƙo mu, ƙanana kamar tururuwa. Mutanenmu sun fito sau tara: mai suya, mai canji yana kaɗa kuɗi, ɗan acaɓa, sai mabaraci har sau uku. Ba wanda aka tsaya a fuskarsa ko na ƙiftawar ido. Ba ɗan Islamiyya da jakarsa, ba tela, ba ko ɗaya daga 'ya'yanmu masu aikin asibiti. Unguwar da aka kafa tun 1916, wadda fataucin goro da shanu ya gina, har wani Bature mai suna Abner Cohen ya yi littafi guda a kanta a 1969, ita ce ta koma labulen da ake rawa a gabansa.

Na tambayi yaron, ya ce, "Baba, ai sai da waɗannan mai kallo zai gane Sabo ce." Ka ji fa! Wato abin da aka riga aka ɗauke mu, shi za a ƙara nuna wa mutane. Kuma ɗanmu ne riƙe da wayar. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a 2021 ya san yadda maƙwabci yake kallonka ba ƙaramin abu ba ne.

Ban ce su zubar da aikinsu ba, sun sha wahala. Abu ɗaya na nemi a cire: inda aka yi rawa a ƙofar masallaci, ga takalman masu sallah a jere. Sauran kuwa na ce ya bar shi yadda yake, amma ya sa ƙirgen nan cikin sharhinsa, ya rubuta wa aka ɗauko daga ƙasa, wa aka leƙo daga sama. Ya karɓi takardar da na yi lissafin a kai ya tafi da ita.