Faifan ƙanwata

Da damunar 2012 aka dawo mana da ƙanwata gida a amalanke, daga wani ƙauye da ke gabas da Dungas. Kwana uku ta yi tana naƙuda, ɗan ya zo babu rai, ita kuma ta tashi da yoyon fitsari. Mijin bai furta saki ba, ya dai ce ta je gida ta warke. Ba mu sake ganin ƙafarsa ba.

Inna ta gyara mata ɗan ɗakin da ke bayan rumbu. Kwanonta daban, tabarmarta daban, zannuwanta kullum a kan danga suna shan rana. Ba wanda ya kore ta daga tsakar gida, ita ta kori kanta. Har gaisuwa ta daina amsawa.

Bayan girbi muka kai ta Danja, kusa da Maradi, inda aka buɗe cibiyar yoyon fitsari a shekarar, gefen tsohon asibitin kutare. Mutanen wajenmu wasu Jahun suke nufa a Jigawa, wasu Babbar Ruga a Katsina, don iyaka a wurinmu ba ta hana zumunci, balle neman magani. Aka yi aiki, yoyo ya tsaya. Muka dawo da murna, ita kuwa ta wuce kai tsaye ɗakin bayan rumbu ta saki labule.

Kawunmu ne ya fito da ita. Makaho ne tun ƙuruciya, ƙyanda ta ci idanunsa, kuma bai taɓa riƙe ƙoƙon bara ba. Igiya yake tufkawa da kaba, dillalai su kwasa zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Wata safiya ya lalubo ƙofar ɗakinta da sanda, ya zauna a ƙasa, ya ce: "Ke 'yar nan, yaron da ke tsaga mini kaba ya tafi ci-rani. Ki taimaki kawunki."

Ƙarya yake yi, yaron yana nan yana kiwon awaki.

Na sha tsayawa nesa ina kallonsu. Ya jiƙa kabar a kasko, ya shafa ta da babban yatsa, ya miƙa mata. In ta tsaga ta yi kauri, sai ya mayar mata, ya ce sake. Bai taɓa yi mata maganar ciwo ba, bai kuma lallashe ta ba. Mu da muke ta "sannu, sannu" wata da watanni, ashe sannun ma nauyi take ƙara mata. Daga tsaga ta koma rini, ja da kore, daga nan Inna ta ba ta basilla ta nuna mata yadda ake naɗa cibiyar faifai. Na farko ya fito a karkace kamar bakin tsohuwar ƙwarya. Ta dube shi ta yi dariya, Inna ta shige ɗaki tana share hawaye.

Tsoronmu ɗaya ne. Faifai abinci ake rufewa da shi, kuma duk garin an san ciwon da ta yi. Ranar kasuwar Dungas na raka ta da guda shida. Wata dattijuwa, maƙwabciyarmu ce ma, ta ɗaga ɗaya ta jujjuya, ta ce ɗinkin bai matsu ba, dala hamsin za ta biya.

"Haba Gwaggo, albarka! Ko kuɗin rini bai fita ba."

Suka yi ta ja, har murya ta tashi. Rabon da in ji ƙanwata ta ɗaga murya tun kafin aurenta. Aka daidaita a dala saba'in, tsohuwar ta rufe ƙwaryar furarta da shi nan take ta wuce.

Kawu ya rasu shekara huɗu bayan haka. Sandarsa da kaskon jiƙa kaba suna wurin ƙanwata. Yanzu mata biyu ke zuwa koyon ɗinki a gidanmu da hantsi, ɗaya gurguwa ce daga wajen Waca, da keken hannu take zuwa.