La'ada A Ɓoye: Dillancin Wayar Hannu

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Mubi, inda ake kawo dabbobi daga Kamaru da Cadi ana loda su a manyan motoci zuwa kudu, ya san matsayin dillali. Shi ne tsakanin mai saye da mai sayarwa, yana yabon bijimi yana shafa tozonsa, kuma kowa ya san in ciniki ya faɗa yana da la'adarsa. Saboda haka mai saye yakan ji yabon da kunne ɗaya, sa'an nan ya buɗe bakin dabba ya dubi haƙoranta da kansa. In kuwa daga baya ta zama ta sata ce, to, dillalin za a nema, domin an san fuskarsa, an san gidansa.

A halin yanzu wani sabon dillanci ya shigo unguwanni irin su Lokuwa ta cikin wayar hannu. Kamfani yakan ba mutum wata mahaɗa ta musamman, shi kuwa ya fito a Facebook ko TikTok yana yabon waya ko man shafawa ko fitila mai aiki da hasken rana. Duk wanda ya bi ta mahaɗar ya saya, sai a rubuta wa mai yabon wani kaso na kuɗin. Kamfanin Amazon na Amurka ya soma wannan tsari tun 1996, kuma kantunan intanet na ƙasar nan, irin su Jumia da aka kafa a Legas a 1996 ɗin da shekara 16, watau 2012, sun bi sahu.

Cin la'ada ba laifi ba ne, sana'a ce tun kaka da kakanni. Inda gizo ke saƙa shi ne ɓoye ta. Dillalin waya ba ya cewa shi dillali ne. Yakan fito da siffar aboki mai ba da shawara, ya ce shi ma ya gwada ya ga amfani, alhali kuwa wataƙila ko kwalin bai taɓa buɗewa ba. Bugu da ƙari, ko taurarin da ake jerawa ƙarƙashin hoton kaya, da kalaman waɗanda aka ce sun saya, akwai na haya a cikinsu.

Wanda abin ke ƙarewa a kansa shi ne irin telan Lokuwa da ya yi watanni yana adashi don ya sayi fitilar da zai yi ɗinki da ita da dare, ko ɗalibin da ya rage kuɗin abincinsa ya sayi batirin cajin waya. In kayan suka mutu bayan mako biyu, mai yabo yana Legas ko Kano, ya riga ya karɓi rabonsa ya koma tallan wani abu. Cinikin biri a sama ke nan.

Malamai sun daɗe da sanin wannan cuta. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hani a kan najashi, watau mutum ya ƙara wa kaya farashi ba da niyyar saye ba, sai don ya ruɗi wani. Yabon haya ɗan'uwansa ne. Hukumomi ma sun farga. A 2022 aka yi dokar da ta kafa ARCON, hukumar kula da tallace-tallace ta Nijeriya, kuma ikonta ya haɗa da tallan intanet. A 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta haramta saye da sayar da yabon ƙarya. Amma doka tana Abuja, waya kuwa tana aljihu.

Don haka ya kamata mai saye ya riƙe dabarar kasuwar shanu. Ya tambayi mai yabo ko yana da kamasho, in ya yi kwana-kwana ya rabu da shi. Ya fara karanta ƙorafin waɗanda suka saya kafin yabonsu. In magani ne ko man shafawa, ya nemi lambar NAFDAC. Mafi alheri kuma, ya nemi maƙwabcin da ya yi wata shida yana amfani da abin, domin gani ya kori ji.

Su kuma samari da 'yan matan da suka ɗauki wannan sana'a, su faɗi la'adarsu a fili. Jarin dillali amana ce, ranar da ta ƙare kasuwarsa ta tashi. Allah Ya sa a gyara.