Shekara Biyu a Zanzibar

Uwargida, in maigida ya zo miki da labarin an ɗauke shi aikin sa kai zuwa Zanzibar, kada hankalinki ya tashi. Tun 1987 gwamnatin Nijeriya ke tura malamai da likitoci ƙasashen waje na shekara biyu, wasunsu kuma wannan tsibiri na Tanzaniya ake kai su.

Garin Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina, mata cikin baƙin lulluɓi da suke kira buibui. Wahalarsa dai harshen Suwahili, sai yawan shinkafa da madarar kwakwa da kifi. Ki ƙulla masa kuka da daddawa da yaji.

In ya samu hutu ya tafi Kizimkazi, ya ga masallacin da rubutun bangonsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Ko ya haye Pemba, inda ake shanya kanumfari a bakin hanya. Gaɓar Nungwi kam, masu yawon buɗe ido sun cika ta da shigar banza, ni dai ba na ce ya je ba.

Bikin sallarsu kwana huɗu ne. Lokacin ne kewar gida ke kama baƙo, sai ki yawaita kiransa, ki ba yara su gaishe shi.